Gaisuwar da Ta Gagari Baba Ɗanjuma

Mu 'yan Tudun Gwaza da ke zaune a Samaru muna da wata al'ada. Ko haihuwa aka yi, ko rasuwa, ko gobara, ko ɗan wani ya ci jarrabawa, ba mai ɗaga ƙafa zuwa gaisuwa sai Baba Ɗanjuma ya kafa hularsa ya wuce gaba. Shi zai faɗi ranar tafiya, da abin da za a riƙa, da ko mata za su ɗaura anko ko a'a. In an isa shi zai yi magana, namu amin ne kawai. Ni Raphael, malamin firamare, na shekara tara ina sakataren ƙungiyarmu, ba don na fi kowa hankali ba, sai don ni kaɗai nake zuwa taro da biro. Duk inda Baba ya sa ƙafa ina bayansa, kuma sau ɗaya tak na ga gaisuwa ta gagare shi.

An haife shi a Tudun Gwaza, wani ƙauye can bayan Zabi, a gidan manoma masu bin addinin kakanni. Da aka yi masa baftisma yana saurayi an raɗa masa Mordecai, amma sunan bai wuce katin coci ba. Ya shigo Samaru yana da shekara ashirin da 'yan kai, ya fara da cirar auduga a gonar gwaji, har wani Bature ya lura ba ya ɓatar da saƙo ya mayar da shi masinja. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana yawo da fayil daga ofis zuwa ofis a kan wani baƙin keke mai ƙararrawa biyu. Bokonsa bai wuce ya karanta suna a bayan ambulan ba. Amma yakan ce aikin masinja ya koya masa abin da masu digiri ba su sani ba, wato ka tsaya a bakin ƙofa ka karanta fuskar mai ofis kafin ka buɗe baki.

Dokarsa ɗaya ce, kuma kowa ya haddace ta: ba ya gaisuwa da roƙon iri. In gaisuwa ta kai ka gidan mutum, ka yi ta ka tashi. Mai buƙata ya koma gida ya kwana, ya sake wanka, ya dawo wata rana da bakinsa. Akwai lokacin da muka je yi wa wani babban ma'aikaci barka da ƙarin girma, sai Monday direba, wanda bas ɗinsa muke ɗauka, ya raɓa ya nema wa ƙaninsa aikin gadi.  Da muka fito sai Baba ya ƙi shiga motar, ya taka da ƙafa daga Kwangila har Samaru da tsakar rana, mu kuma kunya ta sa muka bi shi. Monday ya yi ta binmu a hankali da mota ba kowa a ciki, yana ba da haƙuri ta taga.

Dakta Julius Mairabo kuwa, tun yana sabon malamin jami'a mai wando ɗaya Baba yake ɗaukar masa fayil. Baba ne ya je masa neman auren Madam Christabel, shi ya karɓo ta kuma. Don haka da aka dawo mulkin farar hula a 1999, Dakta ya fito takarar majalisar wakilai, Baba bai tsaya wata-wata ba ya kama hannunsa ya kai shi Tudun Gwaza. A gabanmu ya ce wa dattawa, "Wannan ɗana ne. In ya yi muku ƙarya, ni na yi."

Abu ɗaya mutanen ƙauye suka nema. Akwai rafi tsakaninmu da hanyar mota. Da rani ko akuya tsallake shi take yi, amma da damina sai ya cika ya raba mu da duniya, wani lokaci kwana huɗu. Masara ɗanya da tumatir su ruɓe a kwando, yara su zauna a gida, mai naƙuda kuwa sai dai a ɗora ta a kan ƙyauren ƙofa maza shida su ratsa ruwa da ita. Dakta ya je ya ga wurin da idonsa, ya auna da taku, ya ce ba gada ake buƙata ba, kwalbati mai baki uku ya isa. Ya ce mu tara yashi da duwatsu, shi zai kawo siminti da rodi da injiniya.

Aka yi gayya. Maza suka fasa dutse, mata suka yi ta jidar yashi a ka, mu na Samaru muka riƙa zuwa duk Asabar. Tsibin ya yi tsawon mutum. Dakta ya ci zaɓe, siminti bai zo ba, damina ta zo ta kwashe yashin ta bar duwatsun. Da kaka ta wuce Baba ya je Sabon Gari ya dawo da saƙon Dakta cewa bana injiniya zai zo, kada ya tarar da wurin ba yashi. Aka sake gayya. Haka muka yi rani shida. Dakta kuwa sai ƙara girma yake, ya sake cin zaɓe, aka ba shi shugabancin wani kwamiti, muryarsa kullum a rediyo. Duk sanda muka ji shi yana magana sai mu ce ai mai irin wannan baki kwalbati ba zai gagare shi ba.

A watan Nuwamba na 2005, muna shirin gayya ta bakwai, rediyo ya ce Onarabul Julius Mairabo ya ajiye kujerarsa. Wai zai tafi Turai ya riƙe wani babban sashe na wata ƙungiyar agaji mai haƙa rijiyoyi a ƙasashen da yaƙi ya ɗaiɗaita, kuma nan da mako biyu zai tashi.

Ranar Lahadi bayan sujada muka taru a ajin da nake koyarwa, manya duk sun takure a bencin yara. Ba wanda ya gane labarin. Mu a saninmu hanya uku ce take raba mutum da kujera: ya mutu, ko a tsige shi, ko ya faɗi zaɓe. Ba mu taɓa ganin wanda ya tashi da ƙafarsa alhali yana da sauran shekara ɗaya da rabi ba.

Monday ya ce, "Korarsa aka yi, ana rufa masa asiri ne. Wa ya taɓa tofar da zuma? Jaje za mu."

Mama Janet, shugabar zumuntar mata, ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "Kai dai Monday baƙin baki gare ka. Turai fa aka ce. Wanda aka kora Turai yake zuwa? Ƙarin girma ne, barka za mu, kuma da anko."

Wani ya ce aikin agaji ai aikin Allah ne, kamar mutum ya zama ɗan mishan, don haka addu'ar keɓewa ta kamata. Wani ya ce in aikin Allah ne me ya hana shi yin sa a nan. Hayaniya ta kaure. Baba yana zaune a kujerata yana ta murza gemu, sai can ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Malam," ya ce da ni, "kai ka yi karatu. A takarda, wane ne babba, ɗan majalisa ko mai aikin agaji?"

Na yi gyaran murya, na ce ya danganta. Ya ce da me. Na ce da abubuwa da dama. Gaskiya ban sani ba, kuma ya gane ban sani ba, don kallon da ya yi mini irin wanda nake yi wa ɗalibin da bai yi aikin gida ba ne.

Kada wani ya ɗauka abin wasa ne. A wurinmu barka daban, jaje daban, kuma wanda ya kai ɗaya a madadin ɗaya ya ci mutuncin mai gida. Barka da kiɗa ake zuwa, mata da anko da tulun da suke bugawa a coci, a riƙa zakara da ƙwan zabi. Jaje kuwa shiru ake shiga da tsofaffin kaya, hannu biyu ba a riƙe komai ba, a yi magana ƙasa-ƙasa a fito. Sannan a ƙarƙashin duk wannan akwai abin da kowa yake tunani amma ba mai iya furtawa a gaban Baba. Wannan ce haɗuwarmu ta ƙarshe da Dakta. In ba a yi masa maganar siminti ranar ba, ba sauran wata ranar da za a sake wanka a koma.

Washegari Baba ya ja ni muka tafi Sabon Gari wurin Amaechi mai sayar da kayan gini, wanda tun farko aka ce daga shagonsa simintin zai fito. Amaechi haifaffen Sabon Gari ne, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, kuma ba ya rabuwa da jarida.

"Baba, ba wanda ya kore shi," in ji Amaechi. "Im resign. Shi da kansa ya rubuta takarda ya ce ya ajiye."

"Laifin me ya yi?"

"Ba laifi."

"To ciwo yake yi?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"Can ɗin ya fi nan maiƙo ke nan?"

Amaechi ya yi dariya ya ce jarida ta ce bai ma kai nan ba.  Da za mu tashi Baba ya tambaya ko an taɓa aiko wata takarda a kan Tudun Gwaza, Amaechi ya girgiza kai. Muka fito mun fi yadda muka shiga ruɗewa.

Daga ƙarshe Baba ya yanke hukunci irin na tsohon masinja. Ya ce za mu tafi da duka biyun. Mata su ɗaura anko daga ciki su rufe da tsohon zane, zakara da tulu su zauna a mota wurin Monday. Shi zai shiga gaba ya karanta fuskar Dakta. In ya cire hularsa ya riƙe a hannu, jaje ne, kowa ya sunkuyar da kai. In ya bar ta a kai ya ɗaga hannu sama, barka ce, a yaye zane a shigo da kaya.

Ranar Alhamis da hantsi muka isa gidan Dakta, mu goma sha takwas. Ƙofar da a da sai ka ture 'yan siyasa da maroƙa kafin ka shiga, ranar ba kowa sai mai gadi yana gyangyaɗi. Monday ya ce, "Kun gani ko? Gidan jaje." Muna shiga tsakar gida sai ga ƙanshin suya, ga Madam Christabel tana ƙyalƙyala dariya a waya. Mama Janet ta waiga ta harari Monday da ya tsaya wurin mota. A falo an tattara kujeru gefe guda, kwalayen littattafai jibge har bakin taga.

Dakta ya fito da silifa da wata tsohuwar riga mai gajeren hannu. Mun saba ganinsa cikin babbar riga, sai ya yi mana ƙanƙanta. Fuskarsa ta yi sayau kamar wanda ya sauke kaya, yana murmushi har kunne, amma idanunsa jajir. Ya durƙusa ya ce, "Baba, sannu da zuwa."

Duk muka zuba wa hular Baba ido. Hannunsa ya tashi a hankali, ya kai kan hular, ya tsaya a nan. Bai cire ba, bai kuma ɗaga hannun sama ba.  Mutumin da ya karanta fuskar Turawa da furofesoshi shekara talatin da ɗaya ya tsaya yana kallon yaron da ya aurar, ya kasa karanta shi.

Mama Janet ta ga hannu a sama-sama, ta ɗauka barka ce, ta yaye zane ta rangaɗa guɗa. A daidai lokacin wata tsohuwa daga baya ta ga kamar hular ta motsa, ta fashe da kuka tana cewa, "Allah ya ba da haƙuri, Allah ya mayar da alheri." Rabin mata suka tsaya da zane a hannu, anko a waje, ba su san ko su mayar ba. Monday da ya ji guɗa daga waje ya shigo a guje da zakara a hammata, ya tarar ana kuka, ya juya zai fita, zakaran ya kufce ya haye kwalayen littattafai. Madam ta leƙo da waya a kunne, baki buɗe. Ni dai na so ƙasa ta tsage in shige.

Baba ya sauke hannunsa. Ya nemi wuri a kan wani kwali ya zauna, abin da ba ya yi kafin ya gama gaisuwa.

"Dakta," ya ce, "yau zan yi abin da ban taɓa yi ba, kuma a gaban mutanen da na hana su yi. Ban san gaisuwar da ta dace da kai ba, don haka zan tsallake ta. Ina maganar simintinmu?"

Mai kukan ta haɗiye kukanta. Monday ya sunkuyar da kai, bai ko yi murmushin ramuwa ba, kuma na yaba masa.

Dakta ya zauna a ƙasa kusa da ƙafar Baba. Ya ce sau uku yana sa kwalbatin a kasafin kuɗi. Sau biyu aka cire shi, na ukun aka bar shi a takarda har shekara ta ƙare. Ya ce ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya bi ofis-ofis kamar ba shugaban kwamiti ba.

"Baba, shekara shida ina zaune a inda magana kawai ake yi. Can inda zan je, in aka ce rijiya, bayan wata uku mutane suna shan ruwa. Ina so kafin in mutu in ga wani abu da na yi da hannuna."

"Da ka san haka, me ya hana ka ce mini a daina ɗiban yashi?"

"Kunya, Baba. Kowace shekara ina cewa bana zai yiwu. Na kasa kallon idonka."

"Mutanen can, sun fi mu wahala?"

Dakta ya ce, "Sun fi, Baba. Ba zan yi maka ƙarya ba, sun fi."

"To Allah ya kawo musu sauƙi." Baba ya dube shi sosai. "Kai ka gaji, ka rubuta takarda, an karɓa. Mu in mun gaji da rafin nan, wa za mu kai wa tamu takardar?"

 Can Dakta ya ce zai yi wa wanda zai gaje shi magana. Baba ya ce wane ne. Ya ce ba a yi zaɓen cike gurbi ba tukuna, ba wanda ya sani.

Ni a lokacin haushi ya cika ni, na so in ce wani abu mai zafi. Amma na dubi mutumin nan zaune a ƙasa da silifa, na kuma san ba ƙarya yake yi ba. Har yau in aka tambaye ni ko Dakta ya kyauta ko bai kyauta ba, sai in fara magana in rasa inda zan ajiye ta. Wanda ya saci simintin da mun san abin da za mu kira shi. Wannan bai saci komai ba, ya ma tafi taimakon bayin Allah ne, mu kuma ya bar mu da tsibin duwatsu.

Baba ya miƙe ya ce, "Allah ya kai ka lafiya." Iyakar sallamar da ya yi masa ke nan. Madam ta kamo zakaran za ta mayar mana, ya ce a bar shi, abin da ya shiga gida ya shiga.

 A mota mata suka mayar da tsofaffin zannuwansu a kan anko. Sai da muka wuce Kwangila Baba ya taɓa gwiwata ya ce, "Malam, ranar Asabar ka shirya, za mu gida. Kada ka sa kaya masu kyau."

Na ce, "Baba, me za mu yi a gida?"

"Jaje. Na gane yanzu jaje ne, gidan ne muka kuskure."

Tudun Gwaza gida arba'in da uku ne, kuma sai da muka shiga kowanne. Kwana biyu muka yi. A kowace ƙofa Baba zai yi sallama, ya cire hula, ya tsuguna duk da ciwon gwiwarsa, ya ce, "Na zo muku jaje. Siminti ba zai zo ba. Ni na kawo mutumin, ni na riƙa kawo muku saƙon yashi, wahalar rani shida a wuyana take. Ku yi haƙuri." Wasu suka ce ba komai, Allah ya nufa. Wasu suka ci gaba da ɓarzar masararsu. Wani magidanci da Baba ya girmi ubansa ya ce masa a fuska, dama ai mutanen Samaru daɗin baki ne da su. Baba ya ce gaskiya ne, ya tashi ya kakkaɓe gwiwa muka wuce gida na gaba. Na yi ta satar kallonsa a hanya, ina ganin tsufan da ban taɓa lura da shi ba, tausayinsa ya kama ni.

Gida na ƙarshe na Iya Albarka ne, matar marigayi yayansa. Ta haura saba'in, kuma duk gayyar da aka yi ba ta taɓa fashi ba, har gashin tsakiyar kanta ya zube saboda ɗaukar kwanon yashi. Mun tarar da ita a gindin mangwaro tana gyaran wake. Baba ya tsuguna ya faɗi abin da ya faɗa sau arba'in da biyu, muryarsa ta dushe har da ƙyar nake jin sa. Ta saurara har ya gama, ta ce Allah ya kiyaye gaba, ta sa aka kawo mana ruwa a ƙwarya.

Da muka sha, sai ta ture faifan waken gefe ta ce, "Ɗanjuma, ruwa ya janye fa. Bana wace rana za a fara ɗiban yashin?"

Baba ya ɗaga murya, a zatonsa ba ta ji ba. "Iya, na ce Dakta ya tafi. Ya bar aikin."

"Na ji ka, ba kurma ba ce ni. Dakta ya tafi. Rafin ya tafi ne?"

 Baba ya juyo ya dube ni, ni ma na dubi ƙasa. Ita kuwa ta jawo wani tsohon tsumma daga bayanta, ta ɗora a cinya ta fara naɗa gammo, tana jiran a faɗa mata rana.